Wa Ke Makantar da Dattawan Yola da Jimeta?

Duk ɗan Adamawa da ke neman abinci a Ikko ko Badun ko Anaca ya san irin wayar nan da kan zo daga gida bayan sallar isha'i. Ana gama gaisuwa sai murya ta sauka, a ce Baba fa idonsa ya yi nauyi, ya ajiye Alƙur'aninsa na asuba, jiya ma sai da jika ya riƙe masa hannu zuwa masallaci. Kafin ɗan ya buɗe baki an rufe zancen da cewa ai tsufa ne, Allah ya sa kaffara ce. Shi kuwa sai ya ce amin, ya aika da abin da ya sawwaƙa, gari ya waye ya koma kan buhunan albasarsa a Mil 12 ko rumfarsa a Sabon Badun, zuciyarsa a dagule, amma bai san wanda zai tuhuma ba.

To, akwai wanda za a tuhuma. Dattijon da ya shekara goma da ciwon sukari, yana zarya zuwa ɗakin shan magani na unguwarsu, ana rubuta masa ƙwaya a guntuwar takarda ana sallamarsa, ba a taɓa ce masa ya je a leƙa cikin idonsa ba ko da sau ɗaya, in ya makance tsufa ba shi da laifi. Makanta ce da aka ga tahowarta tun daga nesa, aka naɗe hannu. Kuma waɗanda suka naɗe hannun suna da ofis, suna da mota, suna da kasafin kuɗi.

Ya kamata mai karatu ya fahimci yadda abin ke aukuwa, domin masu mulki sun daɗe suna cin ribar rashin saninsa. A can bayan ƙwayar ido akwai wani tantani siriri wanda hoton duk abin da mutum ya duba ke sauka a kansa, likitoci na kiransa retina. Jijiyoyin jinin da ke ciyar da shi sun fi gashin kai sirantaka. Idan sukari ya yi yawa a jini shekara da shekaru, bangon waɗannan jijiyoyi sai ya raunana, su riƙa tsiyayar ruwa da jini, wasu kuma su toshe. Sai ido ya tsiro da sababbin jijiyoyi marasa ƙwari don ya ceci kansa, su kuwa fashewa suke yi, jini ya cika cikin ido, ko kuma su bar tabon da zai ja tantanin ya ɓamɓare. Hawan jini yana gaggauta wannan ɓarna, ga shi kuwa shi da ciwon sukari kamar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Mugun halin cutar shi ne shiru. Ba zafi, ba ja, ba kwantsa. Mutum yana iya ƙidaya kuɗi ya karanta jarida alhali ɓarna ta yi nisa a bayan idonsa. Ran da ya fara ganin hayaƙi-hayaƙi ko baƙaƙen ɗigo suna yawo a gabansa, sau da yawa an makara. Saboda haka ne likitocin duniya suka haɗu a kan magana guda: babban mutum da aka gano yana da ciwon sukari a duba bayan idonsa tun lokacin da aka gano, sa'an nan a riƙa maimaitawa kamar shekara-shekara, ko yana gani garau. Bugu da ƙari ciwon yana kawo yanar ido da wuri, yana kuma ƙara haɗarin hawan jinin ido.

Ba zato ake yi ba. Tsakanin 2005 da 2007 an yi babban binciken makanta a Nijeriya, aka duba idon mutum fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama a kowane sashe na ƙasar. An sami kashi 4.2 cikin ɗari makafi ne. Amma da aka rarraba sai Arewa maso Gabas, inda Adamawa take, ta zo kan gaba da kashi 6.1, alhali Kudu maso Yamma, inda mai karatu ke zaune, kashi 2.8 ne. Watau dattijon Jimeta ya ninka takwaransa na Badun haɗarin rasa gani, har da ɗoriya. Kashi 84 cikin ɗari na wannan makanta kuwa irin wadda ake iya karewa ko warkarwa ce. Daga cikin binciken ne Dakta Fatima Kyari da abokan aikinta suka fitar da bayani a 2014 cewa kusan rabin waɗanda aka samu da ciwon sukari ba su ma san suna da shi ba, kuma kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda aka duba ciwon ya riga ya taɓa musu ido. Wannan lissafin tsoho ne, ya kusa shekara ashirin. A 2021 Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta manya miliyan 3.6 masu ciwon a Nijeriya. Wanda ya ga yadda shinkafa da taliya da lemon kwalba suka ture gero da dawa a birane, ya kuma ga yadda Yola ta cika ta batse tun da 'yan gudun hijira suka kwararo bayan faɗuwar Mubi a 2014, ba ya bukatar boka ya gaya masa inda aka dosa.

INA AIKIN YAKE?

Da an ambaci ido sai hankalin kowa ya tafi ga babban asibiti da ƙwararren likita da na'urori masu tsada. Wannan tunani ya yi wa masu mulki daɗi ƙwarai, domin yana ɗauke ido daga inda aikin yake. Yaƙin idon mai ciwon sukari a ɗakin shan magani na gunduma ake cinsa ko a faɗi, shekaru kafin likitan ido ya san da zaman mutumin.

Me ake bukata a can? Na'urar gwajin sukari wadda ba ta kai girman wayar hannu ba, da tsinkayen gwajinta. Abin awon jini mai aiki. Littafin rajista wanda ke ɗauke da sunan kowane mai ciwon a gundumar, da ranar da ya zo, da ranar da zai dawo, da wanda za a aika ya nemo shi in bai dawo ba. Ƙwayoyi irin su metformin da magungunan hawan jini, waɗanda tsofaffi ne kuma masu araha in gwamnati ce ta saro su da yawa. Allon haruffa a bango don gwada gani. Sai takardar turawa zuwa asibitin ido, da malamin asibiti mai haƙurin zama minti goma ya yi wa dattijo bayani da Hausa ko Fulatanci. Shi ke nan. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara irin wannan aiki musamman domin ƙananan asibitoci na ƙasashe matalauta, ba ta ce sai an kawo farfesa ba.

Amfanin wannan ɗan aiki an auna shi. Wani bincike da aka shekara ashirin ana yi a Birtaniya a kan mutum fiye da 5,000, wanda aka bayyana sakamakonsa a 1998, ya nuna cewa riƙe sukari da kyau yana rage lalacewar ƙananan jijiyoyi, har da na ido, da kashi ɗaya cikin huɗu. Riƙe hawan jini kuwa ya rage ta da fiye da kashi ɗaya cikin uku. A lura da wannan da kyau: abin awon jinin da nas ke ɗaura wa mutum a damtse makamin kare ido ne. Tun a shekarun 1970 kuma aka tabbatar a Amurka cewa ƙona wuraren da suka lalace da hasken lesa a kan kari yana rage mummunar makanta da rabi ko fiye. Ingila ta fara kiran kowane mai ciwon sukari a ɗauki hoton bayan idonsa daga 2003, kafin 2010 ciwon ya sauka daga matsayin babban mai makantar da masu jini a jika, abin da ba a gani ba cikin shekara hamsin.

Za a ce ai Ingila ce, mai kuɗi. Madalla. To Tanzaniya fa? Tun 2010 a yankin Kilimanjaro ake ɗaukar na'urar hoton ido a mota ana zagaya asibitocin da masu ciwon sukari ke zuwa, a ɗauki hoto, ƙwararru su duba, a kira wanda ke cikin haɗari. Tanzaniya ba ta haƙo mai tun 1958 kamar Nijeriya ba.

TARIN ALKAWURA

Abin da ya fi ciwo shi ne babu ko ɗaya daga cikin wannan da yake sabon labari ga hukuma. A 1975 aka shigar da shirin kiwon lafiya na tushe cikin tsarin raya ƙasa na uku, aka yi ta gine-gine. A 1978 aka hallara a Alma-Ata aka yi shelar lafiya ga kowa kafin shekarar 2000. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe Ma'aikatar Lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi kam ya yi da gaske, ya ɗauki ƙananan hukumomi 52 a 1986 don su zama abin koyi, aka kafa hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa a 1992. Yana sauka abin ya fara tsiyaya. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja, a nan gida, suka yi alkawarin keɓe wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafi. Gwamnatin Tarayya mai masaukin baƙi ba ta taɓa cikawa ba ko shekara guda. Dokar lafiya ta 2014 ta tanadi aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Tarayya domin asusun lafiya na tushe, amma sai a 2018 aka fara sa shi a kasafi, Naira miliyan dubu 55. A 2017 aka yi bikin farfaɗo da ƙananan asibitoci 10,000. A ƙarshen 2023 aka sake sabon alkawari, wannan karon 17,600. Dattijon da aka yi wa alkawarin Alma-Ata yana saurayi a tsohuwar Jihar Gongola, yau shi ne jika ke ja wa sanda a Luggere.

Adamawa kuwa ba ta da uzurin da wasu jihohi ke da shi, domin ta ɗanɗana ta ji. A ƙarshen 2011 aka zaɓi Ƙaramar Hukumar Fufore, tare da Wamba a Nasarawa da Ondo ta Gabas, don gwada wani tsari da taimakon Bankin Duniya, daga baya aka faɗaɗa shi a jihohin uku. Kuɗi na shiga asusun ɗakin shan magani kai tsaye gwargwadon aikin da ya yi, masu bincike na zuwa su duba littattafai da tsabta da magunguna, asibitin kuma ya sayi abin da yake bukata ba sai ya jira sakatariya ba. Gaskiya a faɗe ta: an ga canji, ɗakuna sun gyaru, mata masu haihuwa a gaban ungozoma sun ƙaru, har wasu jihohi suka riƙa duban Adamawa a matsayin abin koyi. Amma mafi yawan abin da aka ƙidaya aka biya lafiyar uwa da yaro ne: awon ciki, haihuwa, rigakafi. Ma'aikaci ɗan Adam ne, abin da za a tambaye shi a ƙarshen wata shi yake yi. Darasin Fufore a fili yake, cewa ma'aikatan Adamawa suna iya aiki in an ba su kaya aka kuma ƙidaya aikin. Me ya hana a ƙidaya masu ciwon sukari? Babu mai neman a rage wa mai ciki ko kwabo. Amma ita wannan mai cikin tana da uwa, kuma in uwar ta makance, 'yar da za a cire daga makaranta ta zama 'yar jagora ita ce jaririyar da aka yi wa rigakafi jiya.

Sa'an nan a tuna Jimeta ba daji ba ce. Asibitin Ƙwararru na jiha yana cikinta. Tsohon Asibitin Tarayya, wanda yanzu ya zama Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, yana nan kusa a Yola. Kwalejin koyon jinya da ungozoma tana nan. Daga Jambutu ko Doubeli ko Nassarawo zuwa gaban likitan ido kuɗin Keke Napep ne. Saboda haka duk mai ciwon sukari da ya makance a waɗannan unguwanni ba tare da an taɓa duba bayan idonsa ba, nisa bai hana shi ba. Babu dai wanda aka ɗora wa alhakin ya tura shi, ya kuma bi sawu. Gadar da ke kan Binuwai an gina ta, gadar da ke tsakanin ɗakin shan magani da asibitin ido, wadda takarda ce kawai da lambar waya, ita ce ta gagara. In haka lamarin yake a gindin Gidan Gwamnati, sai mai karatu ya auna halin mutumin Toungo ko Madagali.

Daga nan sai a shiga kashe gobara. A sayar da sa, a sayar da fili, a bugo waya Ikko, a ɗauki dattijo a mota ta Numan da Gombe, yini guda cur, zuwa asibitin ido na ECWA a Kano, wanda ke aiki tun 1943, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Can likita ya duba ya girgiza kai, domin jijiyar gani in ta mutu ba ta dawowa. Wanda ya yi sa'a a ce sai allurar cikin ido wata-wata, mai tsadar da ke karya gida. Kuɗin wannan tafiya guda ya isa a gwada sukarin mutumin shekaru masu yawa.

Masu kare hukuma suna da amsoshi biyu da suka haddace. Ta farko, babu kuɗi. Dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin Naira goma a kan kowace lita ta lemon zaƙi, aka ce don lafiyar jama'a ne, amma dokar ba ta keɓe wa lafiya ko anini ba. Leburan da ke shan lemo a Apapa ya biya, mahaifinsa a Rumde bai ga tsinken gwaji ba. Kuma kuɗin kwangilar fenti da katanga da allon suna mai hoton mai girma ba ya taɓa yankewa. Dalili a sarari yake: gini ana yanke masa kirtani a gaban 'yan jarida, idon da bai makance ba kuwa ba a yi masa biki.

Amsa ta biyu ita ce ta fi rashin kunya, watau wai laifin talakawa ne, jahilai ne, sun fi son maganin gargajiya da kemis. Haƙiƙa masu lasifika a tasha da kasuwa suna sayar da garin da suka ce yana kashe ciwon sukari har abada, kuma ƙarya ce tsagwaronta, ciwon lallaɓa shi ake yi, ba a tumɓuke shi. Haƙiƙa kuma masu tura yanar ido da tsinke suna nan. Binciken nan na ƙasa ya sami fiye da kashi 40 cikin ɗari na idanun da aka yi wa aikin yana ta hannunsu suka bi, kuma galibinsu sun ƙare a makance. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mutumin da ya je ɗakin gwamnati aka ce babu kayan gwaji, ya dawo aka ce malam ya tafi taro, wa zai ga laifinsa in ya tsaya wurin mai lasifika wanda aƙalla ya saurare shi? Tun da aka janye tallafin mai aka saki Naira a tsakiyar 2023, farashin magani ya yi tashin gwauron zabo, masu ciwo suka koma shan ƙwaya yau, su tsallake gobe. Mai allurar insulin kuma yana fama da zafin Yola da kan haura digiri 40 a watan Afrilu, ba wuta ba firji, sai dai ya jingina kwalbar da randa. Wanda ya jure wannan duka ba jahili ba ne, an bar shi ne shi kaɗai.

Su ma 'yan ci-rani suna da nasu kason, kuma ɓoye shi ba zumunci ba ne. Ana aika kuɗin biki da na suna da na bulo, ana aika shaddar Sallah, amma da wuya a ji wanda ya keɓe kuɗin maganin wata-wata ya damƙa a hannun amintacce. Ɗan da ya san mahaifiyarsa na da ciwon sukari, tambayar da ta kamace shi a waya ita ce nawa sukari ya nuna a gwajin ƙarshe, nawa jini ya nuna, kuma yaushe aka ɗiga mata magani aka leƙa bayan ido. In amsar ita ce ba a taɓa ba, to wannan watan za a je, ba sai ta ce tana ganin hazo ba. Sauya tabarau a bakin kasuwa ba duba ido ba ne. Kuma ciwon yana bin jini: mai rumfar da ke wuni a zaune, shayi mai sukari cokali huɗu da safe, lemo da rana, ciki ya fara turo riga, fitsarin dare ya yawaita, shi ma ya miƙa yatsa a gwada. Ƙungiyoyin 'yan Arewa na Agege da Idi-Araba da Shagamu, da fadojin sarakunan Hausawa, waɗanda ke iya tara kuɗin kai gawa gida cikin dare ɗaya, ba za su kasa gayyato nas da na'urar gwaji ƙofar masallaci ranar Juma'a ba.

Amma babban nauyi yana kan mai riƙe da baitulmali. A 2022 ƙasashen duniya, har da Nijeriya, suka amince a taron Hukumar Lafiya ta Duniya cewa kafin 2030 za a gano kashi 80 cikin ɗari na masu ciwon sukari, kuma kashi 80 na waɗanda aka gano za a riƙe musu sukari da jini yadda ya kamata. Yola ta Arewa gunduma 11 gare ta, Yola ta Kudu 11. A fara da waɗannan 22. Hukumar lafiya a matakin farko ta jiha ta buɗe rajistar masu ciwon sukari a kowace, ta tabbatar da kayan gwaji da magani, ta sa ranar da ma'aikacin ido zai riƙa zuwa da na'urar hoto, ko ranar da za a riƙa kai marasa lafiya wurinsa. Hukumar inshorar lafiya ta jiha ta bayyana a fili, da Hausa da Fulatanci a gidan rediyo, ko duba bayan ido na shekara-shekara yana cikin abin da take biya. Kowane wata uku a liƙa lissafi a ƙofar asibiti: mutum nawa ke cikin rajista, nawa aka gwada, nawa aka tura, nawa suka isa. In ya yi kyau a can sai a bi sauran gundumomin jihar, har 226 ɗin su cika.

Majalisar Dokokin Adamawa wakilai 25 gare ta, kuma kasafin lafiya ta gabansu yake bi kowace shekara. Da yawansu kan aiko wakilai Ikko da Fatakwal neman goyon baya in zaɓe ya ƙarato, domin sun san maganar mai aiko da kuɗi tana da nauyi a gida. Duk wanda ya zo, kafin a shimfiɗa masa darduma a zauren Sarkin Hausawa, a tambaye shi masu ciwon sukari nawa ne a mazaɓarsa aka duba wa bayan ido a bara, a kuma ba shi takarda da alƙalami ya rubuta adadin ya sa hannu.